Tukwane, fangali, rumfar raga ko gidan leda: a ina ɗalibai za su koyi noman fulawa?

Makarantar da ta ƙudura koya wa ɗalibanta noman shuke-shuken ado, wato fulawoyi da itatuwan shinge da ciyawar kwalliya, takan tsaya cak a kan tambaya guda tun kafin a sayi ƙwayar iri: a ina za a yi aikin? Allo da alli ba sa koyar da dashe, sai yaro ya sa hannu a ƙasa. Wuraren da za a zaɓa huɗu ne: tukwane da ledoji a baranda ko bakin taga, fangali a filin makaranta, rumfar raino mai rufin raga, sai gidan leda ko na gilashi. Shugaban makaranta yakan so abin da zai nuna wa baƙi, mai riƙe da kuɗi yakan so mafi araha, shi kuwa malamin da aka ɗora wa nauyin yana can yana tunanin wanda zai yi ban ruwa idan aka tashi hutu. A ganina tunanin malamin ne ya kamata ya ja ragamar zaɓin, domin ƙishirwar hutu ta fi ƙwari da rashin kuɗi kashe lambun makaranta.

Ma'aunan da za a duba

Na farko, me ɗalibi zai iya da hannunsa idan zango ya ƙare? Tushen wannan sana'a ba shi da yawa, amma kowane ɓangare sai an yi shi ake iya shi: gane tsiro da sunansa na kimiyya mai kalma biyu, tsarin da Linnaeus ya kafa a 1753, haɗa ƙasar shuka, shuka iri da ciro dashe, yankan reshe a kafa shi ya yi saiwa, ban ruwa daidai gwargwado, sa taki da karanta lambobin jikin buhu, kamar 15-15-15 inda ta farko take nufin naitirojin, ta biyu fosfaras, ta uku fotasiyam, aski da gyaran siffa, gane ƙwari da cuta, sai tsara wuri ta fuskar launi da tsayi. A cikin waɗannan duka, yankan reshe ne ya fi bambanta mai fulawa da manomin hatsi. Shuke-shuken ado da yawa da reshe ake yaɗa su, saboda reshe yana haifar da uwarsa sak, launi da siffa, iri kuwa yakan ba da abin da ba a zata ba. Duk wurin da ba zai bar kowane ɗalibi ya kafa reshe da kansa ba, ya rasa rabin darasin.

Na biyu kuɗi, kuma kashi biyu ne: na kafawa da na riƙewa. Na riƙewa ne ake mantawa da shi, alhali shi ne ba ya yankewa. Na uku ƙarko, shekara nawa kayan za su yi a rana da iska da hannun yara. Na huɗu sauƙi: mutum nawa ake bukata, minti nawa a rana, kuma kwana nawa wurin zai jure ba a leƙa shi ba. Na biyar haɗari, ga tsiro da kuma ga yaro.

Akwai ma'auni na shida da malamai kaɗai suke jin zafinsa, shi ne lokaci. Zangon karatu wata uku ne ko ɗan sama da haka. Zinniya takan tsiro cikin mako guda ta yi fure a kwana 60 zuwa 70, marigol ma kusan haka ko ƙasa da haka, koliyas kuwa yakan fitar da saiwa a kofin ruwa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Waɗannan sun shiga zango. Reshen buganbiliya yakan kai wata ɗaya zuwa biyu kafin ya kama, shinge kuma shekara yake so kafin a fara yi masa aski na gaske.

Tukwane da ledoji

Nan ne mafi arahar farawa. Ledar raino, tsohon bokiti, gwangwani, robar ruwa da aka yanke, duk suna aiki muddin an huda musu gindi. Abin da ake kashe wa kuɗi shi ne ƙasar, don ƙasar fili zalla idan ta shiga tukunya takan daskare ta hana saiwa numfashi. Haɗin da aka saba da shi kashi biyu ƙasa mai kyau, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya yashi mai tsakuwa-tsakuwa. Auna wannan haɗi da gauraya shi darasi ne cikakke, kuma ajin mutum arba'in zai iya yin sa lokaci guda.

Babbar falalar tukunya ita ce mallaka. Kowane ɗalibi da tasa, da sunansa a jiki, idan ta mutu an san a hannun wa ta mutu, idan ta yi fure an san wa za a yaba. Tana kuma ba da damar gwaji na gaskiya: tukwane shida, tsiro iri ɗaya, uku a rana uku a inuwa, ko uku da taki uku babu. A fili ba a iya raba abu haka da sauƙi. Ana juye tukunya a ga yadda saiwa ta nannaɗe, abin da ba a taɓa gani a fangali sai an kashe tsiron.

Wajen ƙarko sai a duba jinsin tukunyar. Ta yumɓu tana shekaru idan ba ta faɗi ba, kuma da yake jikinta na tsatsafo da ruwa, saiwa takan yi sanyi, sai dai ƙasar ta fi saurin bushewa. Ta roba ba ta da nauyi, tana riƙe danshi, amma rana na cinye ta, bayan 'yan shekaru ta fara ɓarewa a hannu. Baƙar roba a tsakiyar rana tana iya dafa saiwar da ke jingine da jikinta. Ledar raino zango ɗaya ko biyu ce, ba don zama aka yi ta ba.

Wani kuskure da ya yaɗu har cikin littattafai shi ne zuba tsakuwa a gindin tukunya wai don ruwa ya wuce. Ruwa ba ya son tsallakawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa sai ƙasar ta cika taf, saboda haka tsakuwar tana ɗago jiƙaƙƙen ɓangaren ne sama, kusa da saiwa. Huji ya wadatar. Wannan ma gwaji ne mai kyau ga aji, da robobi biyu masu haske a ga inda ruwan ya tsaya.

Raunin tukunya shi ne ƙishirwa. Ƙaramar tukunya a lokacin zafi kullum take son ruwa, wani lokaci safe da yamma, kuma kwana uku na hutun ƙarshen mako mai tsawo ya isa ya gama da ita. Amma ita kaɗai ce a cikin zaɓuɓɓukan nan take da ƙafa: ranar hutu kowa ya ɗauki tasa ya tafi gida da ita. Waɗanda suka rage a tara su a inuwa, a zura musu lagwani na auduga daga bokitin ruwa zuwa cikin ƙasar, ya riƙa ja musu a hankali. Haɗarin da ake yawan mantawa da shi farantin da ake sawa ƙarƙashin tukunya ne. Ruwan da ya kwanta a ciki ya ishi sauro ya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10, don haka a zubar da shi duk mako ko a cika farantin da yashi. Na biyu yawan ban ruwa. Yara na ƙaunar butar yayyafi, kuma tsiron tukunya ya fi mutuwa da ruɓewar saiwa fiye da fari. Dokar ita ce a zura yatsa zuwa gaɓa ta biyu, idan da danshi a wuce.

Abin da tukunya ba ta koyarwa: gyaran ƙasar fili, cire ciyawa, tsara babban wuri, da askin shinge.

Fangali a filin makaranta

Shi ne mafi daɗewa a tarihi, Ostiriya ma ta shigar da lambun makaranta cikin dokar iliminta tun 1869. Shi ne kuma yake canza fuskar makaranta, kowa ya shigo ya gani. Idan makaranta na da fili mai samun rana awa shida a yini da famfo kusa, kuɗin kafawa bai wuce na fartanya da shebur da manjagara da baro da taki ba. Idan za a ɗaga shi a kewaye da bulo ko katako, kuɗin ya ƙaru, kuma cika shi aiki ne: fangali mai faɗin mita 1.2, tsawon mita 3, zurfin santimita 25 yana cin lita 900 na ƙasa, sama da baro goma. Kada faɗin ya wuce mita 1.2, don a iya kai hannu tsakiya daga kowane gefe ba a taka ƙasar ba. Ga ƙananan yara mita ɗaya ko ƙasa da haka ya fi.

Ƙarkonsa ya fi na kowa ta wani gefen, domin ƙasar da ake zuba wa taki duk shekara ƙara kyau take yi. Bulo yana shekaru da yawa. Katako kuwa inda akwai gara ko yawan danshi ba ya daɗewa.

Lissafin ruwa ne ya kamata a yi kafin a kafa fartanya. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne, kuma fulawoyin fangali sukan so kamar milimita 25 a mako. Wancan fangali namu murabba'in mita 3.6 ne, ke nan lita 90 a mako, buta tara mai cin lita goma. Da zafi mai tsanani a ninka. Fangali shida a makarantar da famfonta ke can bayan ajujuwa, an mai da darasin fulawa ɗiban ruwa. Sai dai ƙasa tana da haƙurin da tukunya ba ta da shi: tsiron da ya kafu, aka lulluɓe gindinsa da busasshen ganye ko ɓuntu kamar kaurin santimita 5, yana iya yin mako guda ba ruwa bai nuna ba. Tulun yumɓu marar fenti da aka binne zuwa wuya aka cika da ruwa yana ƙara wasu kwanakin.

A fangali ake koyon ƙasa da gaske. Nan ne ɗalibi zai murza jiƙaƙƙiyar ƙasa a tafin hannu ya gane yashi da laka, ya auna tsami da takardar gwaji ya ga yawancin fulawoyi sun fi son ma'aunin pH tsakanin 6 da 7. Nan zai ga ganyen iksora ko gadiniya ya yi rawaya jijiyoyinsa na kore, ya fahimci ƙasar ta yi kanwa-kanwa har tsiron ya kasa jan sinadarin ƙarfe. Nan ne kuma ake tsara dogaye a baya, gajeru a gaba, a lissafa tazara, a yi shinge.

Matsalarsa ta koyarwa ita ce tarayya. Fangali na aji ne, abin kowa kuma ba na kowa ba ne. Ɗalibai biyar masu himma za su yi aikin, talatin su tsaya riƙe da ƙugu. Maganin shi ne a raba shi da igiya, mutum uku ko huɗu ga kowane yanki. Haɗarinsa ya fi na tukunya yawa: dabbobi idan babu shinge, ƙwallon da ta kuɓuce daga filin wasa, ciyawa da ke cinye wuri a hutu ɗaya na damina, da tsutsotsin ƙasa da ba a gani da ido masu sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu. Idan suka shiga fangali fitar da su wuya ne, ko da yake shuka marigol da yawa na rage su, haka ma shimfiɗa farar leda mai haske a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa mako 4 zuwa 6 a tsananin rana. Ga yara kuwa akwai kayan aiki masu kaifi, da tetanus da ƙwayarsa ke zaune a ƙasa da kashin dabbobi tana shiga ta rauni. Takalmi rufaffe, wanke hannu, da tabbatar da rigakafi ba abin wasa ba ne. Sannan fangali ba wurin kafa reshe ba ne, ɗanyen reshe marar saiwa ba ya jure rana kai tsaye.

Rumfar raino mai rufin raga

Wannan ita ce na fi so, kuma zan faɗi dalili. Turaku ne, da raga a sama da gefe, da benci ko daɓe da za a jera ledoji. Ragar tana zuwa da lamba: mai kashi 30, 50 ko 75 cikin ɗari, gwargwadon hasken da take tarewa. Mai 50 ta dace da yawancin aikin raino, mai 75 ta masu son inuwa ce irin su gansakuka da fulawoyin cikin ɗaki. Kuɗin kafawa matsakaici ne, ya fi na tukwane da fangali, bai kai na gidan leda ba ko kusa. Na riƙewa kaɗan ne: ledoji, ƙasa, iri, ruwa. Ba ta cin lantarki.

Ƙarkonta ya rataya a kan abu biyu. Ragar da aka sarrafa don jure hasken rana tana shekaru biyar ko fiye, marar wannan kariya kuwa shekara ɗaya ko biyu ta zama gari, saboda haka a tambayi mai sayarwa ƙarara. Turakun ƙarfe da aka dasa da siminti sun fi katako nesa. Iska ce abokiyar gabarta: ragar da ba a ja ta sosai ba takan yi ta bugun ƙarfe har ta yage a wurin ɗauri.

A nan ne ake koyon zuciyar sana'ar. Ɗalibi ya yanko reshe mai tsawon santimita 10 zuwa 15, ya yanke daf da ƙasan gaɓa, ya cire ganyen ƙasa ya bar biyu ko uku a sama, ya tsoma gindin a hodar saiwa mai sinadarin IBA idan akwai, ya kafa a yashi mai danshi. Ya koyi dalilin kowane mataki: a gaɓa ne saiwa ta fi saurin fitowa, ganye da yawa na zuƙe ruwan reshen da ba shi da abin sha, yashi kuma yana barin iska ta kai ga yankan. Daga nan a wuce zuwa ɗaurin reshe a jikin uwa, inda ake feƙe ɓawo zagaye kamar santimita 2 zuwa 3, a naɗe da abu mai danshi da leda har saiwa ta fito kafin a yanke. Manyan ɗalibai su gwada auren wardi, a ɗauko ido, wato ɗan tohon da ke jikin reshe, daga mai kyawun fure a sa a jikin mai ƙarfin saiwa. Duk wannan a murabba'in mita 20 zuwa 30 ana yin sa, kuma murabba'in mita ɗaya yana ɗaukar ƙananan ledoji da yawa, kowa ya sami nasa.

Wani abin da ya sa na fifita ta: ita ce ta fi haifar da kaya da araha. Abin da aka rena a rumfa shi zai cika fangali da tukwanen ajujuwa, ragowar a sayar wa iyaye a sayi ledoji da iri na zango mai zuwa. Ɗalibi ya ga yadda reshen da aka samu kyauta daga askin shinge ya zama abin sayarwa, ya koyi lissafin abin da aka kashe da abin da ya mutu. Wanda zai riƙi fulawa sana'a, daga nan yake farawa.

Ba ta rasa aibi ba. Ba ta tare sanyi, ba ta tare ruwan sama mai ƙarfi, don haka inda ake ƙanƙara ba ta da amfani rabin shekara. Ledoji ƙanana ne, suna son ruwa kullum, kuma sun yi yawa a ce kowa ya kwashe su gida. Inuwar na rage bushewa, amma hutu mai tsawo sai an sami mutum takamaimai, ko a tsara aiki yadda za a dashe ko a sayar da komai kafin a tashi. Cutar da ta fi addabar ta ita ce faɗuwar jariran tsiro: yau suna tsaye, gobe gindinsu ya tsuke ya yi baƙi sun kwanta. Ƙwayoyin cuta irin su Pythium da Rhizoctonia ne, kuma cunkoso da yawan ruwa da tsohuwar ƙasa ke kiran su. A shuka da tazara, a wanke farantan raino, a yi ban ruwa da safe. Kafin a fitar da dashe zuwa fili kuma a saba masa da rana kaɗan-kaɗan na kwana 7 zuwa 10, in ba haka ba ganyen ya ƙone a yini ɗaya.

Gidan leda ko na gilashi

Shi ne ake ɗauka hoto, shi ne kuma ya fi yawan zama kango. Aikinsa na asali tara zafi ne da tare sanyi da ruwan sama. Inda hunturu ke daskarar da ƙasa a tsakiyar shekarar karatu, babu abin da zai maye gurbinsa, in babu shi watanni za su wuce ba a taɓa tsiro ba. Inda rana ke da ƙarfi kuwa, ana sayen matsala ne sannan a sayi maganinta: rufaffen gidan leda da tsakar rana yana haura digiri 40 cikin ɗan lokaci, alhali yawancin fulawoyi sun fara wahala tun daga digiri 35. Sai tagogin shan iska da girmansu ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin daɓen, sai ragar inuwa a sama, wani lokaci sai fanka, fanka kuma sai lantarki.

Kuɗin kafawa shi ne mafi yawa, na riƙewa ma haka. Leda mai kaurin maikiron 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita, da aka yi wa kariyar rana takan yi shekara 3 zuwa 5 sannan a sake ta gaba ɗaya, kuma wannan kuɗin ne makarantu ba sa tanada. Faranti mai tauri na folikabonet, wata irin roba mai haske, yana kai shekara goma ko fiye, ba ya fashewa da sauƙi. Gilashi yana shekaru masu yawa, amma gilashi da ƙwallon yara ba sa zama unguwa ɗaya, in ma za a sa shi to ya zama irin wanda aka ƙarfafa.

Ba ya yafe sakaci. Ruwan sama ba ya shiga, ke nan kowane ɗigo daga hannun mutum ne. Wani zai buɗe da safe, ya rufe da yamma, har ranakun da ba makaranta. Mantuwar yini ɗaya tana iya kashe aikin zango. Ƙwari ma suna jin daɗinsa fiye da tsiron: farin ƙuda, darɓa, da jan gizo-gizo ɗan mitsitsi wanda a zafi yake kammala rayuwarsa daga ƙwai zuwa mai ƙwai cikin kamar mako guda. Fesa maganin ƙwari a rufaffen wuri da yara ke shiga abu ne da ya kamata a guje masa. Katin rawaya mai danƙo, ruwan sabulu mai sauƙi, da cire ganyen da ya kamu su ne na makaranta.

Abin da yake koyarwa wanda sauran ba sa iyawa shi ne sarrafa yanayi: karanta ma'aunin zafi da na danshi, rubuta su kullum, haɗa tiyon ɗigo, fahimtar yadda manyan gonakin wardi da ke aika fure kasuwar Aalsmeer ta Holan suke aiki. Wannan ilimi ne na gaske, amma na mataki na biyu ne. Da yawan abin da ake cewa sai da gidan leda, ana yin sa da abin da bai kai haka ba. Wani likita a Landan, Nathaniel Ward, a 1829 ya ga tsiro ya rayu a rufaffiyar kwalba yana shan danshin da ke komawa ƙasa, kuma farar leda da aka kifa a kan tukunyar reshe tana yin wannan aikin. Darasin tsawon dare ma, wanda Garner da Allard suka bayyana a 1920, kwali ya ishe shi: a rufe fulawar foinsetiya cikin duhu awa 14 kowane dare na kusan mako takwas, a ga ganyen samanta ya rine ja.

Noman ruwa babu ƙasa kuwa, a bar shi ga ɗakin gwajin kimiyya. Yana son famfon lantarki, sinadaran da aka auna, da na'urar duba pH a riƙe shi tsakanin 5.5 da 6.5. A wasu tsare-tsaren idan wuta ta ɗauke saiwa na bushewa cikin awanni. Ɗalibin da ya koya a nan kaɗai zai fita bai san ƙasa ba.

Haɗarin da ya shafi duka huɗun

Ko wane wuri aka zaɓa, a tace jerin tsirran. Da yawan fulawoyi masu kyau guba ne. Oliyanda, daga ganye har fure, tana taɓa bugun zuciya. Kariya ma ruwan jikinta haka yake. 'Ya'yan zurma na ɗauke da guba mai kisa, zaƙami yana gusar da hankali, difenbakiya idan aka tauna takan kumbura baki da maƙogwaro, farin ruwan dangin tinya kuma yana ƙona ido. A firamare kada a shigo da ko ɗaya. A manyan azuzuwa a koyar da su da safar hannu, don wanda zai yi sana'ar dole ya san su.

Kwatanci a taƙaice

| Ma'auni | Tukwane da ledoji | Fangali | Rumfar raga | Gidan leda ko gilashi |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin kafawa | kaɗan | kaɗan zuwa matsakaici | matsakaici | mai yawa |
| Kuɗin riƙewa | kaɗan | ruwa da taki | kaɗan | mai yawa |
| Ƙarko | yumɓu shekaru, roba 'yan shekaru | mai tsawo | raga shekara 5 ko fiye | leda shekara 3 zuwa 5, gilashi ya fi |
| Aikin kullum | ban ruwa kullum | sau biyu ko uku a mako, da ciyawa | ban ruwa kullum | safe da yamma, ba fashi |
| Jure hutu | a kai gida | ya fi kowa jurewa | sai da mai kula | ba ya jurewa |
| Hannun kowane ɗalibi | kowa da tasa | sai an raba | kowa da nasa | wuri kaɗan |
| Babban haɗari | bushewa, ruɓewa, sauro | dabbobi, ciyawa, rauni | faɗuwar tsiro, iska | zafi, ƙwari, fashewa |
| Abin da ya fi koyarwa | haɗa ƙasa, gwaji | ƙasa, tsari, aski | yaɗa tsiro, kasuwanci | sarrafa yanayi |

Wa ya dace da wanne

Makarantar firamare, ko wadda ba ta da fili, ko malamin da yake shi kaɗai ba mai taya shi: tukwane, da zinniya da marigol da koliyas da alobera, kuma kada a wuce abin da za a iya kwashewa ranar hutu. Haka ma makarantar da take shekararta ta farko a wannan darasi, ko da tana da kuɗi. Zango ɗaya na tukwane zai nuna ko akwai mai ban ruwa na gaskiya kafin a dasa turken ƙarfe.

Wadda take da fili da shinge da famfo kusa, burinta kuma ta ƙawata harabarta yara na koyo: fangali biyu ko uku, ba shida ba, a haɗa da 'yan tukwane a ƙarƙashin bishiya don darasin reshe.

Sakandare ko makarantar koyon sana'a a wuri mai zafi, inda ake so ɗalibi ya fita da abin yi: rumfar raga mai kashi 50, turakun ƙarfe, da fangali ɗaya a gefe da za a dasa iyayen tsirran da ake yankar reshe a jikinsu. Idan kuɗin abu ɗaya kaɗai ake da shi, nan za a sa shi.

Gidan leda na makarantar da sanyi ke rufe wa fili ne, ko kwalejin da ke horar da masu shiga manyan gonakin fure. Su ma sai sun amsa tambaya biyu a rubuce kafin a kira mai haɗawa: sunan wanda zai buɗe ya rufe a ranakun hutu, da inda kuɗin sabuwar leda zai fito bayan shekara huɗu.